Gurmi Babu Ubangida

Masu karatu za su yi mini afuwa, wannan makon ban zo da ci gaban labarinmu ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun dawowata daga Argungu, kuma na san in ban amayar da ita ba, ko na zauna rubutun ma shirme zan yi.

Yayata, wadda nake bi, a Argungu take aure sama da shekara talatin. Ita ce ta kira ni a waya da sassafe ta ce lallai in zo, akwai magana. Jin muryarta ya sa ban tsaya tambaya ba, na nufi tasha na shiga motar Argungu, ina ta saƙe-saƙe a hanya, ko rashin lafiya ne, ko rikicin gado. Da na isa, ashe maganar ɗanta ce na uku, saurayi ɗan shekara ashirin da shida, wanda ya gama kwalejin horon malamai ta nan garin amma bai samu aikin koyarwa ba, sai ya kama noman rani a fadama kamar sauran tsararrakinsa. Wai ya kwashi buhu goma sha biyu daga shinkafar da ya samu, ya sayar, ya tafi Sakkwato ya biya kuɗin situdiyo, ya ɗauki waƙoƙi tara da gurmi. Yanzu kuma yana shirin fitar da su a matsayin albam bayan kaka.

Ta dube ni ta ce, "Auta, kai yaka jin maganarka. Ka hwaɗa mai, gidanmu ba a roƙo. Ubanai ba maroƙi na ba, kakanai ba maroƙi na ba. Wa ka ba shi ɗiya tai in anka ji shina yawo da ƙoƙo?"

Na ce, "Yaya, bari in ji ta bakinsa tukuna."

Na same shi a shagonsa na ƙofar gida. Bayan mun gaisa na faɗa masa saƙon mahaifiyarsa. Bai yi gardama ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, ni ba ni roƙon kowa. Ka saurara. In ka ji sunan mutum guda a ciki, in aje gurmin ga har abada." Ya miƙo mini waya da abin sawa a kunne.

Na zauna na saurari waƙoƙin nan tara daga farko har ƙarshe, kusan minti hamsin. Babu fiyano, babu ganga, babu 'yan amshi, babu na'urar nan da ke gyara murya ta mayar da ita kamar ta aljani. Shi ne kawai da gurminsa, har kana jin gogar yatsa a kan tsirkiya, da inda numfashi ya kusa ƙwace masa. Ɗaya a kan ambaliyar 2020 ce, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan. Ɗaya a kan jirgin ruwan da ya nutse da 'yan kasuwa wajen Warra a 2021. Akwai ta wani tsohon masunci da gorarsa da homarsa suke rataye a bango shekara guda cur, ba a sauko da su sai ranar bikin kamun kifi, ranar da baƙi za su zo ɗaukar hoto. Akwai ta matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas, aike ya fara ja baya, daga nan waya ma ta daina shiga. Ba zan yi muku ƙarya don ɗana ne ba: shida daga ciki sun yi kyau ƙwarai, biyu ba yabo ba fallasa, ɗaya kuwa, wata ta soyayya da ya cusa a tsakiya, na ce masa ya cire ta, domin ko a littattafanmu mun gaji da irin waɗannan kalaman. Amma gaskiyarsa, ban ji sunan kowa ba. Babu Alhaji, babu Hajiya, babu mai girma gwamna, babu ciyaman.

To a nan maganar take. A ganina Yaya ta yi kuskure da ta kira shi maroƙi, amma tsoron da take ji yana kan hanya. Abin da ya wanke shi daga roƙo, wato rashin sunan kowa a waƙarsa, shi ne kuma abin da zai iya barinsa da yunwa.

Mu duba yadda waƙa ta taso a ƙasar nan tamu. A wurin Bahaushe kowane kiɗa da mai shi. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Ɗanƙwairo ya taso a fadar Maradun kafin sarakuna da manya su yi ta rububinsa. Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi kiɗa, ɗansa Sani ya gaje shi. Ɗan Anace yana da Shago da sauran 'yan dambe. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da nasu, manoma suna da nasu, mafarauta suna da nasu. Kai, hatta Gambu namu na Fagada, Allah Ya gafarta masa, yana da iyayen gidansa, ko da yake kowa ya san ko su wane ne, kuma daga baya ya tuba ya bar su. Ma'ana, tun asali akwai mutum ɗaya ko rukuni ɗaya da nauyin mawaƙi yake wuyansu. Su ke ba da doki, su ke ba da riga, su ke ba da hatsi da kujerar Makka. Mu sauran jama'a 'yan kallo ne, muna sha a banza.

Shi ya sa har gobe Bahaushe bai iya sayen waƙa ba. Ya iya yi wa mawaƙi kyauta, wannan kam babu wanda ya fi shi. Amma ku lura da inda yake yin kyautar: a tsakiyar fili, gaban jama'a, bayan sanƙira ya ambaci sunansa da na ubansa. Mutumin da zai liƙa wa mawaƙi dubu hamsin a wurin biki, shi ne kuma zai ga asara ce ya fitar da dubu ɗaya ya sayi waƙar wannan mawaƙin ya saurara shi kaɗai a ɗakinsa. Abin da yake biya shi ne ambato. Waƙar da babu sunan kowa a cikinta kuwa babu wanda ta ɗora wa kunyar biya.

Na san wani zai ce, to Ɗanmaraya Jos fa? Gaskiya ne, shi ne ya fi kowa kama da abin da yaron nan yake son zama. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, yana waƙar karen mota, da auren dole, da mai akwai da mai babu, har ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Haka Haruna Uji da gurminsa. Amma su sun zo a lokacin da Rediyon Kaduna ke shiga kowane ƙauye, lokacin da kamfanoni irin su EMI ke ɗaukar mawaƙi su buga masa faifai, daga baya kuma aka shiga zamanin kaset, wanda ko na satar fasaha ne sai mutum ya sa hannu a aljihu kafin ya mallake shi. Kuma ko su ɗin ba su rasa waƙoƙin yabo a cikin jakarsu ba. Yau duk wannan ya kau. Kaset ya mutu, faifan CD ya bi shi, aka koma wurin masu tura waƙa a waya, su cika maka memori da waƙoƙi ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba, mawaƙi bai ga ko sisi ba. Yanzu su ma masu turin kasuwarsu ta ja baya, tunda kowa na iya tura wa ɗan'uwansa ta WhatsApp.

Babban ubangidan da ya rage wa mawaƙin Hausa a yau shi ne ɗan siyasa. Ba sai na kira suna ba, kowa ya san waɗanda suka yi gidaje da motoci da waƙar zaɓe. Ban ce haramun suka ci ba, sana'arsu ce. Amma duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda jam'iyya ta saya wa mota ba zai tashi gobe ya yi waƙar ambaliya yana tambayar ina kayan tallafi suka maƙale ba. Yaron nan ya yi wannan tambayar a waƙarsa, cikin ladabi, ba zagi, kuma ya iya yinta ne saboda shinkafarsa ce ta biya situdiyo.

Abin da ya sa lamarin ya taɓa ni sosai shi ne, mu marubutan da aka laƙaba wa adabin kasuwar Kano mun riga shi bin wannan hanyar. Mu ma babu kamfanin da ya ɗauke mu. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da suka share mana fage, da kansu suka nemi kuɗi suka kai maɗaba'a, suka ɗauki kayansu suka kai kasuwa. Ni littafina na farko a 2004, babur ɗina na sayar na buga shi. Na ɗauki kwalaye daga Birnin Kebbi har Kano, tafiyar yini guda, na zube wa wani ɗan kasuwa, ya ce sai an sayar. Na yi sawu huɗu kafin in karɓi rabin kuɗina, sauran har yau suna can. Ga masu ba da haya, kwafi ɗaya mata talatin su karanta. Duk da haka mun rayu, domin littafi abu ne da ake riƙewa a hannu, dole wani ya sayi na farkon. Da waya ta zo, sai a ɗauki hoton shafukan littafinka daga bango zuwa bango a watsa, kasuwar bugu ta durƙushe. Wasu suka koma OkadaBooks, ita ma ta rufe a 2023.

Waɗanda suka gano mafita su ne ƙannenmu mata masu rubutu a waya. Sai marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane ta ce daga nan sai wanda ya biya, ta ba da lambar asusu, ta buɗe zaure na waɗanda suka biya kaɗai. A saman kowane shafi kuma ga Allah Ya isa ga duk wadda ta fitar. Muna yi musu dariya da farko, mu 'yan zamanin takarda. Ana fitarwar kuwa, Allah Ya isan ba ta hana ba. Amma waɗanda ke biya sun isa su riƙe marubuciya, kuma ta san su, sun san ta, suna gaisawa, suna yi mata barka in ta haihu. Ashe abin da suka yi shi ne sun raba ubangida ɗaya ya zama iyayen gida ɗari uku, kowanne da ɗan abin da zai iya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya ce mata ga yadda za ta ƙare labarinta.

Wannan ita ce shawarar da na ba shi. Na ce kada ya yarda a shirya masa bikin ƙaddamarwa irin wanda ake gayyato babban baƙo da uban taro da babban mai ƙaddamarwa. Na yi irinsa sau ɗaya, aka yi ta shelar alkawuran kuɗi ana tafi, abin da ya shigo hannuna bai biya kuɗin hayar kujeru da lemo ba. In ma an cika alkawarin, to ubangidan da ka kora ta ƙofa ya shigo ta taga. Na ce ya saki waƙa biyu ko uku kyauta a YouTube da Audiomack don a san da shi, tunda abin da irin waɗannan wuraren ke biyan ƙaramin mawaƙi bai taka kara ya karya ba, sauran kuma ya sayar kai tsaye ga wanda ya turo kuɗi, a farashin da bai wuce na mudun shinkafa ba. Ya riƙa zuwa da gurminsa duk inda aka ba shi tabarma, makaranta ce ko taron marubuta ko dandalin unguwa, ya yi wasa a gaban mutum ashirin ba tare da ya raina su ba. Ya kuma rubuta baitocin a takarda da kwanan wata, ya kai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ya yi rajista, tunda akwai sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2023. Ba don ina tsammanin za ta hana a tura waƙarsa a waya ba, sai don ranar da wani mai fim zai ɗauki karinsa ya ce nasa ne.

Akwai kuma wata magana da mai situdiyon ya faɗa masa wadda ta fi ta kuɗin ɓata mini rai. Wai ya bari a ɗora masa fiyano da kiɗan kwamfuta a ƙarƙashin gurmin, sannan ya gyara Hausarsa, ya bar "munka" da "sunka" da "shina", domin mutanen Kano da Kaduna ba za su saya ba. Na ce masa kul. In ya shiga wannan layin, da su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker zai yi gogayya, mutanen da suka yi shekaru suna abin kuma suka iya shi. Zai zama na ɗari biyu a layin da ba nasa ba. A layin gurmi da Kabanci kuwa, waɗanda ke gabansa ba su da yawa. Kuma wa ya ce Bakano ba ya jin Hausar yamma? Shekara nawa Kanawa suka yi suna sauraron Narambaɗa da Ɗanƙwairo, har jami'o'i suna rubuta digiri a kansu, wa ya taɓa cewa a fassara masa? Mu marubutan wannan yankin mun yi wannan kuskuren. Mai buga mini littafin farko a kwamfuta ya bi duk maganar da na sa a bakin wata tsohuwa 'yar Gwandu ya mayar da ita Kananci, wai gyara ya yi mini, ni kuma na yi shiru don ina son kasuwa. Yau in na buɗe littafin ba na jin muryar kakata a ciki, alhali ita na kwaikwaya.

Sai dai don adalci, bari in kawo abin da ke karo da maganata. Akwai wani Buzu ɗan Nijar, Mdou Moctar, wanda yanzu yake zaga Amurka da Turai da jita. Albam ɗinsa na farko, Anar, a nan Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma da irin kiɗan kwamfuta da gyaran muryar waƙoƙin finafinanmu aka yi shi. Waƙoƙin ne suka bi memori da bulutut suka tsallaka sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su a wayoyin mutane, ya sa ɗaya a wani kundi da ya tattara na waƙoƙin wayar salula, sannan ya shiga neman mai su. Ka ga a nan fiyano bai kashe shi ba, kuma turin banzan da muke kuka da shi shi ne ya kai shi inda bai taɓa mafarki ba. Na yarda da wannan. Amma ku lura, da harshensa na Buzanci ya yi waƙar, bai canja shi don kowa ba. Kuma shi wannan kamfanin, a 2020, ya riƙa karɓar waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da wayar hannu suka aika ta WhatsApp, yana sayar da su a Bandcamp, mutane a ƙasashen da ba su jin ko kalma ɗaya suna biya. Abin da muke kira ƙauyanci, wasu da kuɗinsu suke nema. Ban faɗa wa yaron wannan don ya zauna jiran Bature ba. Cikin dubu ɗaya ne ake dacewa da irin wannan, kuma abin kunya ne a ce sai an yaba gurmin Argungu a Landan kafin mutumin Birnin Kebbi ya ga ya cancanci dubu ɗayarsa.

Wani abokina malamin makaranta da na ba shi labarin ya ce shi albam ɗin ma baƙon abu ne a wurinmu. Ya ce Shata bai taɓa rera Bakandamiya iri ɗaya sau biyu ba, kullum tana ƙaruwa tana sauyawa gwargwadon wuri da mutanen da ke zaune, to don me za a kama waƙa a daskarar da ita? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma na tambaye shi, mawaƙan masunta nawa aka yi a bakin Matan Fada tun da aka fara bikin nan a 1934, kuma muryar nawa daga cikinsu za ka iya kunna mini yau? UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana zuwa daga ko'ina a ga giwan ruwa, amma makaɗan da ke cikin kwalekwale suna zuga masunta, in ɗaya ya mutu ya tafi da abinsa. Su Narambaɗa ma da ba a ɗauki muryarsu a na'ura ba, da yanzu sai dai labari. Ko albam ɗin nan bai mayar da kuɗin shinkafa ba, aƙalla jikokinmu za su ji yadda mutumin fadama ya ji a ransa shekarar da ruwa ya cinye gonarsa.

Da na koma cikin gida na faɗa wa Yaya cewa ni ba zan hana shi ba. Abin da na sa ya yi mini alkawari shi ne ba zai bar gona ba, kuma ba zai taɓa shinkafar iri ko ta ci ba don waƙa. Ranta bai so ba. Na ce ta saurari guda ɗaya kawai, na kunna mata ta ambaliyar, domin ita ma a shekarar ta rasa duk abin da ta zuba a gona, har da bashin da ta ci. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, tana ta gyara bakin zanenta. Can ta ce, "Sunan ubanai na bisa abin?" Na ce a'a, sunansa ne kawai da na garin. Ta ce, "To." Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake cewa in hana shi ba.

Kafin in hau mota na tura masa dubu biyu a asusunsa, na ce kuɗin kwafina ne da na matata, kuma kada ya turo mini komai sai ranar da kowa zai samu. Ya ce, "Haba Kawu, kai ma sai ka biya?" Na ce ya buɗe littafi ya rubuta sunana a lamba ta ɗaya. Waƙar soyayyar nan kuwa har yanzu muna ja-in-ja a kanta, ya ce in ya cire ta akwai wadda ba za ta sake ɗaga wayarsa ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.